Yadda ake raba abin da gam ya haɗa

Wata rana da safe, bayan damina, direkta ya ce duk ƴan aji shida su kawo takardun haihuwarsu, don a rubuta sunayen masu jarrabawa. Kowa ya miƙa tasa. Wata yarinya kuwa ta tsaya a bakin ƙofa, ta ɓoye hannunta a baya. Na ce mata: "Kawo mu gani." Ta ce: "Mushe, tawa ta lalace."

Ga abin da ta miƙo mini. Tun tana jinjira mahaifinta ya liƙa takardar bisa wani kwalin sukari, don kada ta lanƙwashe. Ya sa ta cikin akwati tare da wasiƙu. Da damina ruwa ya shiga ɗakin, akwatin ya jiƙe, ba wanda ya lura. Da aka buɗe, sai aka tarar wata ambulop ta manne bisa fuskar takardar, ta rufe suna da shekara. Abu uku sun zama ɗaya: kwali a ƙasa, takarda a tsakiya, ambulop a bisa. Mahaifin ya rasu, ba wanda za a tambaya irin gam ɗin da ya sa. Yarinyar ta riga ta gwada ja da hannu. Kusurwa ɗaya ta yage, ta tafi da haruffa biyu.

Irin wannan yana iya samun kowa. Shafukan littafi suna mannewa, hoto yana kama madubi, tambur yana ƙin barin ambulop. Yau za mu koyi yadda ake raba su ba tare da ɓarna ba, ko da ba mu san abin da ya haɗa su ba.

Mine ne ke riƙe da su?

Ku yagi ƴar takarda, ku dubi bakin da ya yage kusa da ido. Za ku ga ƙananan gashi. Takarda ba sumul take ba kamar yadda muke zato. Zaruruwan itace ne aka cuɗa, aka shimfiɗa, aka danne. Tsakanin zaruruwan akwai ƙananan ramuka waɗanda ido ba ya gani. In aka shafa gam yana ruwa-ruwa, sai ya shiga cikin ramukan nan, na takardar bisa da na takardar ƙasa. In ya bushe, sai ya taurare a ciki. Ya zama kamar saiwar ciyawa cikin ƙasa.

To, in kuka ja da ƙarfi, dole wani abu ya saki. Ko gam ɗin ya tsage, ko ya bar jikin takardar, ko takardar kanta ta dare gida biyu. Wanda ya fi rauni shi ke saki. Sau da yawa takarda ce ta fi rauni. Shi ya sa in kun fizge tambur, kukan ga wani farin gashi ya saura bisa ambulop, ko kuma bayan tambur ɗin ya ɗaye. Gam ɗin bai motsa ba, takarda ce ta mutu.

Ashe aikinmu shi ne mu sa gam ya fi takarda rauni kafin mu taɓa. Iyayenku mata sun san wannan. In ƙanzo ya kama gindin tukunya, ba su ɗaukar wuƙa su yi ta kankara har tukunya ta huje. Ruwa suke zubawa, su bar ta ta kwana. Da safe ƙanzo ya tashi da kansa.

Sai dai ba kowane gam ke jin ruwa ba.

Gam iri-iri ne

Na farko da ya kamata ku sani shi ne namu na gida, wato ƙaro. Daga itacen ɗakwara yake fitowa. Da rani ake tsaga ɓawon itacen, ruwan ya tsatso, ya daskare kamar ƙwallo, a tsince shi. Ana samunsa a ƙasarmu, wajen Gure da Maine-Sorowa. Sudan ce ƙasar da ta yi suna da shi fiye da kowa a duniya. Da Faransanci ana ce da shi gomme arabique. In an jiƙa ƙaro, sai ya narke ya yi yauƙi. In ruwan ya tafi, sai ya kama. In aka mayar masa da ruwa, ko bayan shekara 50 ne, sai ya sake narkewa. Ku da kuke zuwa makarantar allo kun ga haka da idonku. Da gawayi da ƙaro ake haɗa tawada. Ƙaron ne ke riƙe baƙin bisa allo, kuma shi ne dalilin da ya sa ruwa ke wanke allon tas.

Ƴan'uwan ƙaro su ne kunun garin rogo ko na alkama da ake liƙa takardu da shi a bango, da gam ɗin da ake dafawa daga fata da ƙashi, wanda kafintocin da suke amfani da shi. Wannan na fata ya fi son ruwa mai ɗumi. Gam ɗin bakin ambulop da na bayan tsohon tambur, wanda ake shafa wa yawu, su ma cikin dangin nan suke. Duka da ruwa suka shiga, da ruwa suke fita.

Akwai kuma wanda zafi ke narkarwa. Kakin zuma yana narkewa in zafi ya kai digiri 62 zuwa 64, wato tun kafin ruwa ya tafasa, don ruwa sai a digiri 100 yake tafasa. Masu gyaran salula suna da wani gam mai kama da kyandir, suna narka shi da kuran. Madubin salula ma da gam mai jin zafi aka liƙa shi. Shi ya sa mai gyara yake hura masa iska mai zafi kafin ya ɗaga.

Na uku shi ne gam ɗin mai facin taya da na baduku mai gyaran takalmi. Roba ce aka narka cikin wani ruwa mai kama da isansi. Warinsa yana hawa kai. Ruwan sha ba ya yi masa komi. Ko ya kwana cikin randa, yana nan yadda yake. Sai irin ruwan da ya kawo shi ke iya sassauta shi. Gam ɗin da ke jikin sikoc, wanda wani mutumin Amurka mai suna Richard Drew ya ƙago a shekarar 1930, shi ma ba ya jin ruwa, amma yana yin laushi in ya ji ɗumi.

Na ƙarshe shi ne mai wuya. Wannan ba bushewa yake ba, rikiɗa yake. Ku tuna da ƙwai. In an dafa shi ya taurare, babu ruwan da zai mayar da shi ɗanye. Siminti ma haka. Gam mai kwalabe biyu da ake cakuɗawa, irin su Araldite, haka yake. Haka kuma ɗan ƙaramin nan da ake kira Super Glue, da ake sayarwa a kowane tebur. Wani masani, Harry Coover, shi ya gano shi a Amurka a shekarar 1942, aka fara sayar da shi a 1958. Abin mamaki, laimar da ke cikin iska da wadda ke jikin fatarmu ita ke sa shi taurarewa. Shi ya sa yake kama yatsa tun kafin ya kama takalmin da ake son gyarawa.

Farin gam na kafinta, wanda kuke aikin hannu da shi a aji, yana tsakani. In sabo ne, ruwa yana wanke shi. In ya tsufa, ruwa da ɗumi suna sa shi ya yi laushi kamar roba, amma ba ya narkewa duka.

Kafin a taɓa

Mu koma ga takardar yarinyar nan. Abin da na fara yi ba shi da wuya. Na ajiye ta bisa tebur, na ce kowa ya sa hannunsa a baya. Sannan na ɗauki hotonta da salula, gaba da baya. Wani yaro ya kwafe duk abin da ake iya karantawa cikin kaye: lambar takardar, da sunan gari, da sunan uwa. Ko da aikin ya ɓaci, da wannan lamba ana iya neman wata a meri inda aka rubuta haihuwar. Garin yana da nisa, kuma tafiyar kuɗi ce, amma hanyar tana nan. Duk abin da za ku raba, in yana da rubutu, ku fara kwafe shi.

Bayan haka muka yi tambaya guda: cikin abu ukun nan, wane ne muke so? Takardar tsakiya. Kwalin sukari ba shi da amfani. Ambulop ɗin ma wofi ce, ba wasiƙa a ciki. To, in dole wani ya lalace, su za su lalace. Wannan ya sauƙaƙa aikin ƙwarai. Ba takarda za mu cire daga ambulop ba. Ambulop za mu cire daga takarda, ko da gutsure-gutsure ne. Masu gyaran tsofaffin takardu haka suke yi. In hoto mai daraja ya manne bisa kwali, sukan kifa hoton, su yi ta ɗaye kwalin daga baya, ɓawo bayan ɓawo, har su iso ga gam ɗin.

Sai muka duba gam ɗin inda ya leƙo a gefe. Ido da hanci da farce suna ba da labari mai yawa. Ƙaro yana ƙyalli kamar madubi, in an taɓa shi da farce yana farfashewa. Kunun rogo fari ne, ba ya ƙyalli, kuma gara da kyankyasai suna son sa, har akan ga inda suka ci. Gam ɗin roba yana yin rawaya ko ruwan ƙasa, yana barin tabo kamar na mai, wani lokaci yana miƙewa in an ja shi. Super Glue yana taurare takarda kamar ƙashi. Wanda muka gani a gefen kwalin ruwan ƙasa ne, ya ratsa har ya yi tabo. Wanda ke ƙarƙashin ambulop kuwa yana ƙyalli. Ashe gam biyu ne, ba ɗaya ba.

Amma zato ba sani ba ne. Sai an gwada.

Gwaji a kusurwa

Gwajin iri biyu ne, kuma na biyun shi ne mutane ke mantawa. Na farko: wannan ruwa zai narka gam ɗin? Na biyu: zai narka rubutun?

Ni kaina na taɓa mantawa. Lokacin da nake makarantar horon malamai, wata takarda ta manne bisa katina na ɗalibi. Na sami alkol a wurin wani aboki, na zuba. Takardar ta fita. Sunana ma ya fita. Da bik aka rubuta shi, alkol kuwa yana narka tawadar bik. Na tsaya ina kallon shuɗin ruwa yana gangarowa bisa hotona. Sai da na yi sati ina zuwa ofis kafin a ba ni wani.

Kowace tawada da halinta. Rubutun kireyo ba ya jin ruwa. Rubutun da injin ɗab'i ya buga cikin littafi shi ma yawanci ba ya ji. Bik yana jure ruwa kaɗan, amma ba ya jure alkol. Tawadar hatimin ofis da ta alƙalami mai launi suna bajewa da ɗigon ruwa ɗaya. Tawadar malam ta gawayi da ƙaro kuwa, kun riga kun san abin da ruwa ke yi mata.

Ga yadda ake gwajin. A naɗa ƴar auduga bisa tsinke. A tsoma ta cikin ruwa mai tsabta, a matse har ta kusa bushewa. A taɓa gam ɗin a gefe, inda ba rubutu. A ƙirga har 60. In wurin ya yi yauƙi, ko ya kama yatsa, to gam ɗin mai jin ruwa ne. Sannan a sake wata audugar, a taɓa wutsiyar harafi ɗaya wanda ba shi da muhimmanci, a ɗaga, a duba. In launi ya hau audugar, ruwa ba zai kusanci wannan rubutu ba.

Da muka gwada, gam ɗin ambulop ya yi yauƙi nan da nan. Nata ne na bakinta, ruwan damina ya tashe shi, ya kama abin da ke kusa. Na kwalin kuwa bai ko motsa ba. Rubutun bik bai saki ba. Amma hatimin meri ya ɓata audugar da shuni. Saboda haka muka san iyakarmu: laima kaɗan, daga bayan ambulop, nesa da hatimi.

Daga mai sauƙi zuwa mai ƙarfi

Kullum da hanya mafi sauƙi ake farawa. Da farko ba ruwa, ba zafi. Tsohon gam wani lokaci ya riga ya mutu, ya zama gari. A nemi wurin da bakin ya ɗan buɗe, a zura abu mai faɗi marar kaifi, kamar wutsiyar ƙaramin cokali ko wata takarda mai kauri. A kwantar da shi, a tura a hankali, hagu da dama. Kada a yi da reza. Reza ba ta san bambancin gam da takarda da yatsa ba. In hoto ne ya kama shafin album, ana iya zura zare mai santsi a ƙarƙashinsa, a riƙa jan zaren kamar mai yanka sabuni.

In wannan bai yi ba, sai laima. Ban ce a tsoma cikin ruwa ba. Tambur kaɗai ake yi wa haka. Ana yanke shi tare da guntun ambulop, a sa cikin kwanon ruwa, bayan minti 15 ko 20 sai ya rabu da kansa. Shi ma sai irin na da, mai shafin yawu. Sabon tambur mai manne kansa yawanci ba ya sakin ambulop cikin ruwa.

Takarda mai daraja laima kawai take so. Mu ga yadda muka yi. Muka yanki wani farin ƙyalle daidai girman wurin da ya manne. Muka jiƙa, muka matse sosai, muka ɗora bisa bayan ambulop. Muka rufe da leda don kada iska ta shanye laimar. Muka koma ga darasin lissafi. Bayan minti 20 na ɗaga gefe na duba. Bai yi ba. Muka ƙara minti 20. A nan ne bakin ambulop ya fara tashi.

Akwai wata dabara ga abin da ba a son ko ƙyalle ya taɓa shi. A shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle cikin babbar roba. A kifa rariya a bisa. A ɗora takardar bisa rariyar, a rufe robar da faifai. Takardar ba ta taɓa ruwa ba, amma tana shaƙar laima kamar yadda gishiri ke yi da damina. A riƙa dubawa. Kada a bar ta ta kwana biyu a ciki, don takarda mai laima takan fara yin hunhuna bayan awa 48.

Ɗagawar ma da yadda ake yi. Hannu ɗaya ya danne takardar da ake so, ta kwanta sosai bisa tebur. Ɗaya hannun ya kama ta bisa, ya lanƙwasa ta baya, ya riƙa jan ta kwance, kamar mai naɗe tabarma. Ba a ɗaga ta sama. Kuma a hankali ƙwarai. Gam mai laushi yana bukatar lokaci don ya miƙe ya saki. In an yi sauri ba ya samun lokacin, sai takarda ta biya. Ido yana bisa layin da suke rabuwa. Da zarar an ga farin gashi ya fara tashi daga takardar ƙasa, a tsaya. A mayar da ƙyalle, a jira. Mu sau uku muka tsaya kafin sunan yarinyar ya fito duka.

Da ta rabu, ba mu shanya ta a rana ba. Rana tana sa takarda ta kakkanɗare, tana kuma cin launin tawada. Muka sa ta tsakanin fararen takardu masu tsabta, muka danne da manyan littattafai. Muka sake takardun sau biyu kafin a tashi.

In gam ɗin ba ya jin ruwa, sai a gwada ɗumi. Ɗumi na ce, ba wuta ba. Cokalin da aka tsoma cikin ruwan zafi aka goge ya isa ya sassauta tsohon sikoc. Abin da ya saura mai danƙo, a murza shi da gom ɗin goge rubutu, zai dunƙule ya fita. Tabon rawaya da tsohon sikoc ke bari kuwa ya shiga cikin zaruruwa, ba ya fita, kada ku wahalar da kanku. Tururin buta yana buɗe ambulop, amma yana ƙona hannu fiye da yadda kuke zato, kuma yana jiƙa rubutu. Wannan sai da babba a kusa.

Isansi, da alkol, da ruwan goge jan farce su ne na ƙarshe, kuma ba aikin yara ba ne. Tururinsu ya fi iska nauyi. Yana bin ƙasa, ya tafi har wurin murhu ko fitila, wuta ta biyo shi ta dawo ga kwalbar. Shaƙarsu tana sa jiri, tana ɓata ƙwaƙwalwa. Babba ne zai yi, a waje, nesa da wuta, da ɗigo bisa auduga. Ruwan goge jan farce yana sassauta Super Glue, amma yana cin wasu robobi da fenti. Kuma kada a taɓa haɗa ruwan jabel da wani magani don neman ƙarfi. Iskar da ke tashi daga irin wannan haɗi tana iya kashe mutum.

In jiki ne gam ya kama

Wannan ku riƙe shi da kyau, don ƙannenku suna wasa da Super Glue. In yatsu biyu suka manne, kada a fizge, fata ce za ta ɗaye. A tsoma hannun cikin ruwa mai ɗumi da sabuni, ko a shafa man gujiya, a riƙa murza yatsun a hankali kamar mai mulmula ƙullu. Ko ba a yi komi ba, cikin ƴan kwanaki yana fita da kansa, don fata tana sabuntawa. In ya zuba da yawa bisa rigar auduga, yana yin zafi har ya ƙona fata, sai a zuba ruwan sanyi da sauri. In ido ne, a wanke da ruwa mai tsabta mai yawa, kada a buɗe fatar idon da ƙarfi, kada a sa wani magani, a tafi likita nan take.

Batirin salula ma da gam aka liƙa shi cikin yawancin wayoyin yanzu. Wanda ya zura wuƙa don ya ɓamɓare shi, in ya huda shi ko ya lanƙwasa shi, yana iya kama wuta a hannunsa. A kai wa mai gyara.

Abin da ba a rabawa

Littattafan aji masu takarda mai ƙyalli da hotuna masu launi suna da wani hali. An shafa wa takardarsu wani abu mai kama da farar ƙasa. In suka jiƙe, wannan shafi yana yin laushi. In suka bushe a rufe, shafukan suna haɗewa su zama kamar katako, kuma da wuya su sake rabuwa. Saboda haka in ruwa ya bugi littafinku a hanya, kada ku jefa shi cikin jaka sai gobe. Tun yana jiƙe za ku buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya, ku sa farar takarda tsakani, ku ajiye a inuwa inda iska ke bugawa. A shekarar 2024, da ruwa ya yi ɓarna a Maraɗi da Damagaram da Tawa har aka ɗage buɗe makarantu, gidaje da yawa sun ga irin wannan.

Ba mu kaɗai ba ne. Ran 4 ga watan Nuwamba 1966, kogin Arno ya cika ya shiga birnin Florence a ƙasar Italiya. Laka ta rufe littattafai masu ɗimbin yawa a babban ɗakin karatu na birnin. Matasa suka zo daga ƙasashe dabam-dabam suna tono su. An yi shekaru ana raba shafuka ɗaya bayan ɗaya. Dabaru da yawa na ceton jiƙaƙƙiyar takarda a can aka koye su.

Takardar da aka rufe cikin leda da injin zafi, wadda ake ce an yi mata plastification, ita ma ba a raba ta. Ledar ta narke cikin zaruruwan. In an ja, rubutun ne ke bin ledar. Ni dai ba na son a yi wa takarda ta asali haka. A yi wa kwafi, a sa ta asalin cikin jakar leda wadda ake buɗewa.

Sai kuma tsofaffin littattafan kakanninmu, na Larabci da na ajami, waɗanda aka rubuta da hannu. In kun tarar ganyensu sun manne, kada ku gwada ko ɗaya daga cikin abin da muka koya yau. Sau da yawa ƙaron da ke cikin tawadar ne ya kama shafin da ke fuskantarsa. Gam ɗin shi ne rubutun. In kun narka ɗaya, kun narka ɗayan. A Yamai, a jami'ar Abdu Mumuni, akwai wurin ajiyar irin waɗannan littattafai, dubbai, waɗanda marigayi Bubu Hama ya fara tarawa. Irin wannan aiki na masu wannan sana'a ne. Naku shi ne ku naɗe littafin cikin busasshen ƙyalle, ku ajiye shi nesa da laima da gara, ku gaya wa babba.

Kwalin sukarin nan fa? Mun bar shi. Gam ɗin roba ne ya riƙe shi, kuma da mun sa isansi, da ya ratsa takardar ya taɓa hatimi da rubutu. Na tambayi yarinyar: "Akwai rubutu a bayan takardar?" Ta ce: "Inna ta ce babu, Mushe." Muka yanke gefen kwalin da almakashi daidai girman takardar. Washegari ta kai wa direkta. Ya karanta suna da shekara, ya rubuta ta cikin masu jarrabawa. Haruffa biyun da ta yage tun farko, su ne ba su dawo ba.